Kifin da Ba Kifi Ba da Naman Kazar da Ba a Yankawa

Abbey Wood, Landan
Ranar Lahadi, bayan azahar

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kiyaye ka a tudu, Ya kiyaye ka a ruwa. Na san za ka yi dariya, domin bango ɗaya ne tsakanin ɗakinka da kicin ɗin da nake zaune, kuma da safen nan ma ni na zuba maka shayi. Ka yi haƙuri. Bakina ne ya kasa, shi ya sa na ɗauki alƙalami. In ka ga rubutun yana hawa yana gangarowa, ka tuna hannun da ya yi shi sai da ya haura shekara talatin kafin ya riƙe fensir.

Ran Juma'a ka ce da ni a gaban babanku, "Mama, in ba ki ce kin yarda ba, ba zan hau jirgin Abadin ba. Su ba wani aikin." Na juya na ci gaba da wanke tukunyar da na riga na wanke. Tun ranar akwatinka yake buɗe a ƙasa, rabi da kaya rabi wayam, ga shi jirgin ƙasan ran Alhamis ne. Na san wannan aikin ka yi wa karatu. Ni kuwa abin da nake gani shi ne daga Abadin, garin nan na bakin teku a arewacin ƙasar nan, za a ɗauke ka a jirgi mai saukar ungulu, a sauke ka a kan wani gadon ƙarfe a tsakiyar teku inda ake haƙo mai, babu tudu gabas babu tudu yamma. Kawunka Alhaji Sule da ya zo sayayya kwanakin baya ya ce tun da arzikin man fetur ya buɗe a gida, kujera na jiranka a ofis, ko Legas ko Kaduna, da mota da direba, ko takalminka ba zai jiƙe ba. Ka ce masa kana so ka san aikin da hannunka kafin ka zauna kana ba wasu umarni. Raina ya so kujerar nan, ba zan ɓoye maka ba.

Kafin in ba ka amsa, bari in ba ka labarin abubuwa biyu da suka koya mini hankali a ƙasar nan, ɗaya ƙato, ɗaya ɗan mitsitsi. Kana wurin aka yi mafi yawansu, amma da idon yaro ka gani.

Shekarar da muka zo, lokacin da aka ɗauki babanku koya wa Turawa Hausa, ba na jin ko "zo in kashe ki" da Turanci. Maƙwabciyarmu Halina, mutuniyar ƙasar Folan, wadda har yau Halima nake ce mata kuma tana amsawa, ita ce mutum ta farko da ta yi mini murmushi ta kan shinge. Wata safiya babanku ya shigo yana ɗaura agogo ya ce, "Maƙwabciyarki ta ce anjima za ta kawo miki naman kaza."

Na ce, "Wa ya yanka?"

Ya ce, "Ai ba a yankawa." Ya yi dariya, ya suri jakarsa ya fita kama jirgi.

Ni a cikin badala na tashi, a Kano. Naman kaza a wurina naman kaza ne, mai cinya da fiffike. Kaza kuma ba a yanka ba, ai mushe ke nan. Da Halima ta miƙo mini kwano a rufe, yana tururi, na karɓa da hannu biyu don kunya. Tana shiga gida na lallaɓa na ajiye mata shi a kan dakalin ƙofarta, ko murfin ban ɗaga ba.

Da yamma na gaya wa babanku abin da na yi, ina jiran yabo. Ya riƙe kai ya ce, "Rabi, kin kashe mu. Laimar kwaɗi ce fa, irin wadda ake ci. A garinmu naman kaza muke ce mata. Matar nan daji ta shiga da sassafe ta tsinto miki."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Kin ce wa ya yanka, na ce ba a yankawa. Ƙarya na yi?"

Duk sanyin shekarar nan Halima ba ta ƙara leƙo shinge ba, kuma ban san Turancin da zan ba ta haƙuri da shi ba. Sai da rana ta fara dawowa na soya ƙosai na kai mata. Ta buɗe murfin a gabana, ta ɗauki ɗaya ta ci a tsaye, tana kallona har ta haɗiye. Na gane karatun.

To inda za ka, za ka haɗu da mutanen da ko babanku ya ce da ƙyar yake gane Turancinsu. Za su miƙo maka abubuwa: abinci, wasa, shawara, wani lokaci har da baƙar magana wadda a wurinsu zumunci ce. Ka ɗaga murfi kafin ka mayar. Ka tambayi mai dafa abinci da me ya soya, ba tare da ka haɗe fuska ba. Abin da Allah Ya hana, giya da naman alade, ka ƙi shi kai tsaye, kada ka yi ta kewaye-kewaye, amma ka ƙi abin, kada ka ƙi mutumin. A wurin da babu tudu, wanda ka ɓata wa rai da safe shi zai riƙe maka igiya da yamma.

Kuskurena na biyu daga na farko ya fito. Da muka shirya da Halima, duk lokacin da ganye ya fara zuba, ruwa ya sauka, sai ta ja ni dajin nan na bayan unguwa, ita da kwandonta da 'yar wuƙarta. Ta nuna mini wanda take nema: mai hula ja-ja kamar ɓawon burodi, mai kaurin gindi, ƙarƙashin hular kamar soso. Na sa shi a miyar kuka sau ɗaya, babanku ya ƙara tuwo. Shi ke nan sai na ɗauka na zama gwana. Wata rana Halima tana mura, na ɗauki kwando na tafi ni kaɗai. A gindin wata babbar bishiya na tarar da wasu masu kyau, sumul, fari-fari da ɗan kore a hula, ba tsutsa ko ɗaya. Na ce yau zan nuna wa Halima. Na dawo ina wanke su a famfon bayan gida, albasa tana kan wuta, sai ta leƙo daga taga. Ban taɓa ganin mace mai mura ta tsallake shinge ba sai ranar. Ta doke kwanon daga hannuna, ta ɗauki ɗaya ta nuna mini gindinsa, inda wata 'yar jaka take kamar ɓawon ƙwai. Ta nuna ni, ta nuna ka kana wasa a ƙofar kicin, ta nuna cikina, lokacin ina da cikin ƙanwarka Binta, sannan ta ja yatsa a wuyanta. Ta sa na wanke hannu da sabulu har fata ta yi ja, sannan ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Daga baya babanku ya fassara mini cewa irin wannan ba ya ɗaci, ba ya wari, kuma mutum ba ya jin komai sai ya riga ya yi ɓarna a ciki.

Na faɗa maka wannan ne saboda na san halinka, irin nawa ne. Abu kaɗan za ka koya ka ji kamar ka gama. Takardar shaidarka ta jami'a tana da kyau, na goge gilashinta jiya, amma ba ta taɓa jiƙewa da ruwan gishiri ba. Ranar da ka fara jin ka iya, ranar nake tsoro, ba ranar farko ba. Ka nemi wanda ya daɗe a wurin ka bi bayansa, ko da bakinsa ba daɗi. In ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, a maimaita maka. In an ce a ɗaura abin tsaro, ka ɗaura, ko da sauran samari suna yi maka dariya. Haka kuma in ka koma gida wata rana. Yanzu mutane na tsirowa a can kamar yadda waɗannan ke tsirowa bayan ruwa: jiya ba kowa a wurin, yau ga babbar hula. A cikinsu akwai na kirki, akwai masu dafi, kuma masu dafin sukan fi sheƙi. Ka duba gindin mutum kafin ka sa shi a tukunyarka.

Yanzu sai ƙaton.

Kana aji uku makarantarku ta kai ku gidan nan da ake ajiye ƙasusuwan dabbobi a cikin gari, aka ce iyaye mata su raka. Muka shiga wani zaure, na ɗaga kai, sai ga abu shuɗi-shuɗi ya cika ɗakin tun daga wannan bango har wancan. Giwar da aka tsayar kusa da shi ta koma kamar 'yar akuya. Ka ja mini zane ka ce, "Mama, wel ne!" Ni kuwa abu ɗaya ya faɗo mini: kifin da ya haɗiye mai sunanka, Annabin Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Sunan kakanka aka sa maka, ban zaɓa ba, amma tun ranar suna nake jin wani abu game da kai da ruwa. Na ga bakin abin nan, na ga tsawonka, na fizgi hannunka muka fita, kana kuka, malamarku tana bin mu da magana. Akwai allo a gabansa da bayani a rubuce. Ko da Hausa aka rubuta shi, a lokacin ba zan iya karantawa ba.

Da aka fara kai 'yan ajinku koyon iyo, na sa babanku ya rubuta cewa kana da ciwon kunne. Ya ce, "Yaron nan lafiyarsa ƙalau." Na ce ko ya rubuta ko in daina cin abinci. Ya rubuta. Ina ganin na raba ka da ruwa ke nan har abada.

Ka san sauran. Tafkin nan na cikin daji, ranar da muka je tsinto da Halima, ka hau reshe ya karye, ka faɗa ruwa. Yaran da suka je koyon iyo da sun fito da kansu suna dariya. Kai ka nutse kamar dutse, saboda ni. Wani Bature mai yawo da kare ya faɗa da rigarsa ya jawo ka. Ya kwantar da kai yana danna maka ƙirji, yana yi mini tsawa in kira sunanka don ka ji muryar uwarka. Ina tsaye ina cewa, "Kai! Kai! Tashi mana!" Sunan ya zo har maƙogwarona ya tsaya. Halima ce ta kira shi, a karkace yadda take faɗa, ka yi tari ka buɗe ido.

A hanya ta tambaye ni ko firgita ce ta sa na manta sunan ɗana. Na rasa yadda zan gaya mata cewa a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Haka uwata ta yi wa yayana, haka tata uwar ta yi. A gida akwai kakanni da gwaggwanni da za su yi ta kiran yaro suna rungumarsa a madadinki. A nan babu kowa, ban kuma lura da hakan da wuri ba. Kai ma ka taɓa tambayata, da Turancinka, me ya sa nake kiran Binta da sunanta, kai kuwa sai "kai" ko "yaron nan". Na ce ka je ka wanke hannu abinci ya huce.

Satin da ya biyo baya ni da kaina na kai ka wurin koyon iyo, na zauna a benci da mayafina ina jan carbi, warin maganin ruwan nan yana hawa mini kai. A watan ne kuma na ce wa babanku ya koya mini boko. Ya yi mamaki, don ya sha yi mini tayi ina cewa karatun allona ya ishe ni. A teburin nan muka fara, yana nuna mini ƙugiyar ƙa da ta ɗa, kai kana gefe kana gyara mini riƙon fensir kana cewa, "Mama, ba muciya ba ce."

Abin da nake so ka ɗauka a nan: tsoro yana da amfani in ya sa ka koyi abu, yana da illa in ya sa ka gudu daga koyonsa. Kada ka yi irin nawa. In wani abu a wurin aikin nan ya ba ka tsoro, shi za ka fi matsawa kusa ka san kansa.

Bayan wasu shekaru, ka tuna, ni na ce ka mai da ni wurin ƙaton nan. Ka karanta allon kana fassara mini, rabi Hausa rabi Turanci. Ka ce ba a taɓa yin dabbar da ta kai shi girma ba. Ka ce ba shi da haƙori, wani abu ne kamar rariya a bakinsa, yana tace ruwa yana cin ƙananan halittu da ba su kai ɗan yatsa ba, kuma maƙogwaronsa ko mutum ba zai wuce ba. Na ce, "To ba shi ne na mai sunanka ba." Ka ce, "Allah ne Masani, Mama." Sannan ka ce, "Kuma ba kifi ba ne." Na ce kada ka raina mini hankali, ga wutsiya ga ruwa. Ka ce iska yake shaƙa kamar mu, duk nisan da ya yi a ƙasa dole ya taso ya numfasa. Macen kuma haihuwa take yi, ba ƙwai ba, tana shayar da ɗanta nono, tana tafiya yana gefenta. Ka ce mutane sun yi ta farautarsu har sun kusa ƙarewa. Na tsaya ina kallon ɗan ƙaramin idon nan nasa, sai na ji tausayi ya kama ni. Ashe uwa ce na guje wa.

Tun daga ranar nake auna su biyun in ina aikin gida. Ƙaton da na guda, da na tsaya a gabansa shekara guda ba abin da zai yi mini. Ɗan mitsitsin da na wanke da hannuna ina murna, shi ya kusa share gidan nan. Dukansu kuma sunan da muke kiransu da shi ba nasu ba ne: wannan mun ce kifi, ba kifi ba, wancan mun ce naman kaza, bai taɓa ganin akurki ba. Ni kuwa sunan na bi duka sau biyun, ban duba abin ba. Yanzu ma na lura haka nake yi: an ce "teku" na firgita, an ce "ofis" na saki jiki, alhali ban ga ko ɗaya ba.

Akwai bambancin da ya fi damuna. Naman kaza ba ya tafiya. Halima ta san bishiyar da za ta je kowace shekara, kuma a nan za ta same shi. Shi kuwa wancan, ka ce mini yakan ratsa teku daga wajen sanyi zuwa wajen zafi, ba mai tsare shi. Da na gaya wa babanku haka shekaranjiya, sai ya ce, "Wato ke so kika yi ki haifi laimar kwaɗi, ki riƙa zuwa da kwando kina dubawa, sai Allah Ya ba ki wel." Na ce ba na son wasa. Amma gaskiya ya faɗa.

Abu ɗaya ya haɗa su. Halima ta taɓa tona ƙasa da wuƙarta ta nuna mini wasu fararen zare siri-siri. Ta ce wannan ne ainihin jikinsa, yana nan a shimfiɗe a ƙarƙashin ganye rani da damina, yana riƙe da saiwar bishiya. Hular da muke tsinka ɗan abin da ya leƙo ne kawai. Shi ma ƙaton, masu jirgi bayansa kaɗai suke hangowa, sauran yana cikin ruwa. To haka uwar ɗan fari take. Abin da ka gani a sama, "ka ci abinci?" da "sa hula", shi ne ɗan abin da ya leƙo.

Saura 'yan ƙananan abubuwa. Safa mai kauri tana cikin ledar da ke kan kujerarka, da yajin da na daka, da kilishin da kawunka ya kawo na ɓoye wa Binta. Kada ka zauna da jiƙaƙƙen kaya. Ka tambayi masu tuƙin jirgi ina gabas take, su ba sa ɓata. Duk zurfin da ka yi cikin aiki, ka taso ka numfasa kamar yadda ka ce wancan yana yi: salla ita ce numfashinka. Ka riƙe addu'ar da mai sunanka ya yi a cikin duhu, ka san ta tun kana ƙarami. Duk lokacin da aka sauko da ku tudu ka bugo waya gidan Halima, za ta ƙwanƙwasa mana bango. In kuwa takarda za ka rubuto, ka rubuto da Hausa, komai karkacewarta, don in karanta da kaina, kada babanku ya sake yi mini fassarar naman kaza.

Na hana ka ruwa sau ɗaya, na ga abin da hanin ya jawo. Ba zan sake ba. Har yanzu ina jin tsoro, kuma zan ci gaba da ji har ranar da ka dawo ka ajiye akwati a ƙofar nan. Amma tsoron nawa ne, ni zan riƙe shi, ba kai ba.

Na yarda, Yunusa. Ka je.

Ka ga na rubuta shi. Haruffan sun fito daidai, ban tambayi kowa ba. Allah Ya yi maka albarka, Yunusa. Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa ruwa ya zame maka tudu. Wanda Ya fito da mai sunanka daga cikin kifi Ya dawo mini da kai da ƙafafunka. Amin summa amin.

Ka tashi ka ƙarasa haɗa akwatin nan, na gaji da tsallake shi. Ran Alhamis kuma a tasha, in jirgi ya fara motsi ka ji wata murya ta kira ka da sunanka, kada ka waiwaya kana neman Halima. Ni ce.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Rabi, Maman Binta